Hannun da ya koya min haɗa kemo

Satin da ya wuce na je duba wata babbar nas da na yi aiki a ƙarƙashinta shekarun baya, mu dai duk Sista muke ce mata. Na same ta kwance a irin gadon da ta yi shekara da shekaru tana tsayawa a kansa, an sa mata ƙarin ruwa, kemo, wato maganin kansa, na shiga a hankali. Kansar jini ce. Tun da na dawo gida abin ya ƙi barin raina wallahi, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Hannunta na yi ta kallo. Da wannan hannun ta koya min haɗa maganin kemo, a kan wani ɗan teburi can lungun wod, taga a rufe, a fasa kwalba a zuƙa da sirinji a ɗaga sama a fitar da iska har ka ga ɗan feshi ya tashi, safar hannu in akwai a sa in babu a ce marasa lafiya na jira, kuma a kan teburin nan dai muke cika fayil da rana. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce abin nan da kuke taɓawa shi kansa yana kawo kansa. Alhali an daɗe da sani. Tun 1979 wasu masu bincike a Finland suka gwada fitsarin nas-nas masu haɗa irin magungunan nan suka ga alamar abin da ke lalata ƙwayoyin halitta a ciki. Maganin nan cyclophosphamide da muke zuƙa kusan kullum, hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi a rukuni na 1, wato wanda aka tabbatar yana jawo kansa ga ɗan Adam. Mara lafiya an auna masa, zai sha na wasu watanni don ya warke, to wannan akwai dalili. Ita kuwa mai haɗawa kaɗan-kaɗan yake shiga ta fata da numfashi shekara ashirin, ba ta da ciwon da ake mata magani. A 2004 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka, abin da ake so shi ne akwati na musamman mai zuƙe iska, safar hannu biyu a kowane hannu, da riga wadda ruwa ba ya ratsa ta.

Amma mu nas ma da sauƙi, ko ba komai mun san sunan maganin. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne kilina da mai wankin zanin gado. Maganin nan yana fita ta fitsari da amai da kashi, aƙalla awa 48 bayan an ba mutum, kuma wa ke kwashewa? Akwai wani dattijo da muke kira Baba, shi ke wanke tasar amai da fo na wod ɗinmu, hannu tsirara mafi yawan lokaci, in ka ce Baba ina safarka sai ya yi dariya ya ce 'yata ai hannun ya saba. Ba a kiransu taron horo, yawanci ma ɗan kwangila ne ya ɗauke su, ranar da ciwo ya kwantar da su sai dai kawai ka ga an kawo wani. Wannan abin yana min ciwo sosai, don mun gani mun yi shiru.

Masu ɗaukar hoton eksray su sun riga kowa shan wahalar. An gano eksray a 1895, kafin shekara goma ta cika Clarence Dally mai taimaka wa Edison, masanin ƙere-ƙeren nan na Amurka, ya mutu a 1904 bayan an yanke masa hannaye biyu saboda kansa. A Hambug ta Jamus akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1936 ɗauke da sunayen likitoci da nas da masu aikin hoto da hasken ya kashe. Daga irin wannan asarar ne aka samu rigar darma da ɗan bajon nan da ake maƙalawa a ƙirji yana auna hasken da ya shige ka, da iyakar milisibat 20 a shekara ga ma'aikaci, wato ma'aunin hasken da ya shiga jiki. To amma bajon da ke cikin durowa me zai auna? Kuma nas ɗin tiyata da ke tsaye kusa da na'urar hoto lokacin aikin ƙashi sau da yawa ko bajon ba ta da shi.

Ga fomalin, maganin da ke hana gawa ruɓewa, a leb da mutuware, shi ma rukuni na 1 ne tun 2004, masu aikin wurin har sun daina jin warinsa. Ga dutin dare, wanda hukumar nan ta Liyon ta ce a 2007 mai yiwuwa ne yana jawo kansa, ta sake faɗa a 2019, har Denmak ta biya wasu mata diyya da suka kamu da kansar mama bayan shekaru suna aikin dare. Sai allura. Duk wanda ya yi aikin wod ya san yadda gaba ke faɗuwa in ta soke ka, kowa HIV yake tunani, alhali haɗarin ɗaukarsa kusan 0.3 ne cikin ɗari, na ciwon hanta nau'in B kuwa yana iya kai 30 cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba, kuma shi ne kan rikiɗe ya zama kansar hanta bayan shekaru. Allura uku ce fa rigakafin. Uku kacal, amma je ka tambayi masu kwashe sharar asibiti su nawa aka yi wa.

Kansa tana da sababi da yawa, ma'aikacin asibiti ma mutum ne kamar kowa, akwai gado akwai shekaru akwai taba. Sai dai irin wadda aiki ke kawowa takan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ta fito, lokacin mutum ya canza wod sau biyar ko ya yi ritaya, in ba a rubuta wa ya taɓa me ba kuma tsawon wane lokaci, da me zai nemi haƙƙinsa? Fayil ɗin Sista na aiki akwai ranar da ta makara, akwai hutun da ta ɗauka, babu layi ɗaya a kan kwalaben da ta fasa.

Ina zaune wata yarinya sabuwar nas ta shigo canza mata ledar maganin. Sista ta bi hannunta da kallo, da ƙyar muryar ke fita ta ce, 'yata ina safarki ta biyu? Yarinyar ta ce ɗaya aka ba su yau. Sista ta janye hannunta ta ce je ki nemo, zan jira.