Awon kufai a Grimspound: inda aiki ya tsaya

'Yan'uwa masu koyon awo, an kammala layin tushe, wato layin da ake auna komai daga gare shi, an kuma zana ɗaki na farko a Grimspound, kufai na zamanin tagulla da ke tsaunin Dartmoor a kudu maso yammacin Ingila. Wurin yana da da'irar tushen ɗakuna 24 cikin ganuwar dutse da ta kewaye fili mai faɗin kusan mita 150, tsakanin tuddan Hookney Tor da Hameldown.

Kayan aiki kaɗan ne: tef biyu na mita 30, igiya mai ma'aunin dalma da ke nuna tsaye, fensir mai tauri, da takardar roba wadda ruwa ba ya ci. Takardar ofis ba ta kai azahar a nan, yayyafi da hazo sun gama da ita. Fegi kuwa ba a kafa shi, domin doka ta hana taɓa ƙasar wurin. Da jakar yashi ake danne bakin tef.

A shimfiɗa tef ɗaya ya ratsa tsakiyar ɗakin, sai a riƙa auna kowane dutse daga gare shi a miƙe. Kusurwar a tabbatar da ita da awon 3, 4, 5, wato alwatika mai gefuna 3, 4 da 5 mai ba da kusurwar digiri 90. Santimita 1 a takarda a madadin 20 a ƙasa.

Gangare shi ne ya fi ɓata aiki. In tef ya kwanta ya bi ƙasa a gangaren digiri 10, mita 10 da aka karanta mita 9.85 ne a gaskiya. Santimita 15 ke nan, wato fiye da milimita 7 a zane, kuma da'irar ba za ta haɗu ba. A ɗaga tef ya daidaita, a saukar da igiyar dalmar kan gefen dutsen.

Sai abin da ya fi wuya: ba kowane dutse ne na magina ba. Wasu farfasassun duwatsu ne da suka gangaro daga kan tsauni da kansu, wasu kuma masu binciken da suka tona wurin a 1894 ne suka sake ɗora su. Na magina yakan tsaya a kan gefensa, fuskarsa mai sumul tana kallon cikin ɗaki. Wanda ake shakka a kansa a zana shi da ɗigo-ɗigo.

Aiki na gaba ƙofar ganuwa ce ta kudu maso gabas, da hantsi kafin rana ta yi sama, lokacin da inuwa ke fito da kowane tudu.