Gwajin dalma a ɓawon kawa, aikin da muke ci da shi

Mu dai ɗan ƙaramin lab gare mu, kuma yawancin abin da ake kawo mana ɓawon kawa ne da ire-irenta na halittun ruwa masu ɓawo biyu, a duba ko akwai ƙarafa masu guba, wato dalma ko kadmiyam ko zaiba, a ciki. Kwastomominmu masu kiwonta ne, sai masu niƙa ɓawon su zuba a abincin kaji ko su yi ƙwayar kalsiyam da shi.

Shi ɓawon nan kusan dukansa kalsiyam kabonet ne, kawar tana gina shi layi-layi tana girma, to ita dalma in tana cikin ruwan sai ta samu ta shige gurbin kalsiyam ta zauna daram a layin da aka gina a lokacin, shi ya sa in aka bi layukan da leza ana iya gane lokacin da ruwan ya gurɓata, ko da tuni ya washe.

Amma fa wallahi rabin aikin wanki ne. Za ka kankare fatar nan ta saman ɓawon da lakar da ta maƙale, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka busar, sannan ka niƙa a turmin dutsen agat, ba na ƙarfe ba, don turmin ƙarfe shi da kansa zai ƙara maka abin da kake nema. Daga nan a narkar da garin a nitirik asid, kana zubawa yana tafasa yana kumfa, sai a hankali in ba haka ba ya yi ambaliya samfur ya tafi. Sai a tsarma sosai kafin a ba injin ICP-MS, wato na'urar da ke auna yawan ƙarafan da ke cikin samfur, saboda kalsiyam ɗin ya yi yawa yana danne sauran. Kullum muna haɗawa da kwalbar da asid ne zalla a ciki, in ita ma ta nuna dalma to dattin namu ne, a sake daga farko.

Inda muke yawan samun saɓani da kwastoma shi ne ya ce tunda ɓawo ya fito fes, mu rubuta masa cewa naman ma lafiya lau. Ba na yi. Zaiba da kadmiyam a nama suka fi taruwa, kuma iyakar da Tarayyar Turai ta sa, miligiram 1.5 na dalma da 1.0 na kadmiyam da 0.5 na zaiba a kowane kilo, duk a kan nama take magana. Mai son fitar da kaya waje sai ya kawo naman a gwada shi daban.