Abin da aikin man yis ya koya min a Jos

Ranar Juma'a na miƙa makullin lab, bayan shekara biyu da rabi ina kiwon yis don mu tatsi mai daga cikinsa. Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda ta ƙare, amma akwai abin da ban taɓa faɗa ba.

Kuskuren farko nawa ne, ban musa ba. Da oga ya ce in yi lissafin nawa lita ɗaya za ta tsaya mana, sai na ɗauki sakamakon ƙananan kwalabe na ninka kawai. A kwalba Rhodotorula, wato irin yis ɗin da muke kiwo, abin sha'awa ce, ka rage mata nitirojin ka cika ta da suga sai ta daina hayayyafa ta koma tara kitse har ya kai rabin nauyinta in an busar. Murna ta ɗebe ni na rubuta cewa za mu iya karawa da man gyada a kasuwar Terminus ta Jos. Ban tsaya na auna cewa sai yis ya cinye kusan kilo 5 na suga kafin ya ba ka kilo 1 na mai ba, ga iska da za ka yi ta hura wa tanki dare da rana kusan sati guda, wuta ta ɗauke sai janareta da dizal, sanyin Disamba ya shigo sai an ɗumama tankin, bawon dankalin da za mu ciyar da yis ɗin da shi, wanda muke taƙama kyauta ne ma, sai an narkar da sitacinsa da sinadarin da ake saye da dala.

Bayan wata uku na gano kuskuren da kaina, na sami oga a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, lissafin nan bai tsaya ba, a bar ni in gyara kafin masu kuɗin su zo daga Abuja." Ya ce in je in yi aikina. Haka ya gabatar da takardar ko waƙafi bai canza ba. Da akawun mutanen ya warware lissafin, sai ya nuna ni a gaban kowa ya ce yaron nan ne ya ruɗe shi. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, don ya san na je na faɗa masa.

Daga baya ne na zauna na karanta tarihin kasuwar, abin da ya kamata in fara da shi. A 1985 aka fara sayar da irin man nan a Ingila daga naman gwarin Mucor circinelloides, zuwa 1990 an daina saboda man tsiron borage ya fi araha. Solazyme ta Amurka ta so yin man mota daga gansakuka, ta canza suna zuwa TerraVia, a 2017 ta karye. Su kuwa kamfanin Martek, wasu nau'o'in mai masu tsada da ake kira DHA da ARA suka yi wa madarar jarirai, waɗanda ake zubawa kaɗan kaɗan, kamfanin DSM ya saye su a 2011 kan sama da dala biliyan 1. Veramaris ma da ta buɗe masana'anta a Nebraska a 2019, wani nau'in mai da ake kira omega-3 take yi don abincin kifin salmon. Masu saye suna biyan abin da gyada da kwakwar manja ba sa bayarwa ne, mu kuwa muka nufi kaskon suya.

Sauran darussan ba su da yawa. Duk gargaɗin da za ka yi wa na sama da kai, ka tura a rubuce ko da ta WhatsApp ne. Ka tambayi mai saye kafin ka kunna tanki.

Yis ɗin da na ware da hannuna daga ƙasar wata gona a Bokkos yana firiza, kwalba tara, ko sau ɗaya bai taɓa gurɓata a hannuna ba. Littafin da na rubuta lissafin gaskiya a ciki na bar wa ƙanwata da ta gaje ni a wurin, na ce mata ta ɗauki hoton kowane shafi ta ajiye a wayarta.