Gyaran shafin intanet don masu larura: da wanne za a fara?

Duk wanda ya taɓa gwada shafinsa da manhajar binciken kurakuran shafi irin su WAVE ko axe ya san yadda rahoton ke fitowa, jajayen alamu tun daga sama har ƙasa. Abin da aka saba yi shi ne a kama kuskuren da ya fi yawa a share, domin adadin ya ragu da wuri a nuna wa mai aiki. To amma na'urar gwaji ƙidaya kawai ta iya. Ba ta san cewa maballin biyan kuɗi guda ɗaya da makaho ba zai iya dannawa ba ya fi ƙananan hotunan ado hamsin nauyi ba. Wanda ya bi adadi, ya share tsakar gida ne alhali ƙofar zaure a garƙame take.

Don haka kafin a buɗe rahoton, a rubuta ayyuka uku ko huɗu da ke kawo mutane shafin: rajista, shiga asusu, neman kaya, biyan kuɗi, cike fom. Sannan a ajiye linzamin kwamfuta gefe, a bi kowane aiki daga farko zuwa ƙarshe da Tab da Enter da Esc da maballan kibiya kaɗai. A sake bi da manhajar karanta allo, wadda ke karanta wa makaho abin da ke shafi da murya: NVDA a Windows, wadda kyauta ce, ko TalkBack a wayar Android, ko VoiceOver a iPhone. Duk inda tafiya ta tsaya cak, nan ne aikin makon farko.

Abubuwan da ke tsayar da mutum sanannu ne. Akwai akwatin da ke faɗowa a tsakiyar allo, na talla ko na neman izini, wanda idan Tab ya shiga ba ya fita, Esc kuma ba ya rufe shi. Akwai maballin da aka gina da div, wato akwatin tsara shafi da ba don dannawa aka yi shi ba, aka liƙa masa umarnin dannawa: a ido maballi ne, amma Tab tsallake shi yake yi, manhajar karatu kuma ba ta san cewa maballi ne ba. Maganinsa a mayar da shi button na asali, wanda ke zuwa da aikin kibod ɗinsa a shirye. Akwai gurbin fom marar label, wato sunan da ake haɗa wa gurbi, inda aka dogara da dishi-dishin rubutun da ke cikin gurbin. Wannan rubutun yana ɓacewa da zarar an fara bugawa, don haka mai cike fom mai gurbi goma sai ya manta abin da aka tambaye shi. Sai kuma hoton karkatattun haruffa na tantance mutum, wanda idan ba a ba da wata hanya ba, an sallami makaho ke nan tun daga bakin ƙofa.

Saƙon kuskure ma yana cikin wannan sahun, kuma ana yawan raina shi. Mutum ya danna aikawa, gurbi ɗaya ya koma ja, shi ke nan. Wanda ba ya gani bai ji komai ba, wanda ba ya bambance ja da kore bai ga komai ba. A rubuta kuskuren da kalmomi kusa da gurbin, a faɗi abin da ake so, misali lambar waya mai lambobi 11, a kuma kai alamar kibod wajen gurbin farko da ya samu matsala.

Ka'idojin WCAG na sauƙaƙa shafuka ga masu larura, waɗanda W3C, ƙungiyar tsara dokokin fasahar yanar gizo, ke fitarwa, sun ware abubuwa huɗu da ba a yarda su kasance ko'ina a shafi ba, saboda suna lalata amfani da shafin gaba ɗaya: tarkon kibod irin na akwatin da na ambata, wanda Tab ba ya fita daga cikinsa, sautin da ke kunna kansa ya wuce daƙiƙa 3 ba tare da hanyar kashewa ba, abin da ke motsi ko juyawa fiye da daƙiƙa 5 ba tare da hanyar tsayarwa ba, da walƙiyar da ta wuce sau 3 a daƙiƙa ɗaya. Na ƙarshen yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa, saboda haka ba ya jiran wani taro, a ranar da aka gan shi ake cire shi. Sautin kuwa yana danne muryar manhajar karatu, har mutum ya kasa jin inda maballin kashewa yake.

Ka'idojin suna da matakai uku, A da AA da AAA, kuma AA ake nufa a yawancin ayyuka. Bugun 2.2 ya fito a Oktoban 2023. Sai dai ban yarda a bi matakan ido rufe ba. Rashin alamar da ke nuna inda Tab ya tsaya a matakin AA yake, amma ga mai amfani da kibod kaɗai daidai yake da tafiya cikin duhu, kuma sau da yawa layi ɗaya ne a fayil ɗin adon shafi ya jawo shi, outline: none, da wani ya saka don ado. Goge shi aikin minti biyu ne.

Bayan abubuwan da ke tsayarwa, sai a tambaya: a ina kuskuren yake zaune? Idan a kan jerin zaɓuɓɓukan sama yake, ko a ƙasan shafi, ko a tsarin maballin da ake amfani da shi ko'ina, gyara ɗaya zai wanke ɗaruruwan shafuka. Nan ne batun launi ya shigo. Binciken ƙungiyar WebAIM na manyan shafuka miliyan ɗaya, wanda ake yi duk shekara tun 2019, kullum yana nuna rubutun da bai fita sosai daga bangonsa ba a matsayin kuskuren da ya fi yawa. Ma'aunin bambancin haske tsakanin rubutu da bango shi ne 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Tunda launukan a fayil ɗaya suke, sauya biyu ko uku ya wadatar, kuma har mai lafiyar ido da ke duba waya a tsakar rana zai amfana. A wannan zaman a gyara harshen shafi: idan Hausa ce a saka lang="ha", kada a bar en, alamar Turanci, da ya zo da samfurin. A kuma cire duk abin da ke hana zuƙo rubutu a waya, a tabbata yana karantuwa idan an ƙara girmansa zuwa kashi 200.

Bayanin hotuna ya fi cin lokaci, domin mutum ne zai zauna ya rubuta alt, wato kalmomin da manhajar karatu ke faɗa a madadin hoto, ɗaya bayan ɗaya. A fara da hotunan da ke aikin maballi ko mahaɗi, kamar gilashin bincike da kwandon saye, a rubuta aikinsu, ba kamanninsu ba. Sai hotunan da ke ɗauke da rubutu. Wannan ya zama ruwan dare a wajenmu: sanarwar ɗaukar aiki ko jadawalin jarrabawa a ɗora shi a matsayin hoto ko takardar da aka ɗauka da kyamara, wanda manhajar karatu ba ta tsintar komai a ciki. A buga rubutun a shafin kansa. Hotunan ado kuwa a bar musu alt fanko don a tsallake su.

Tsoffin labarai da takardun shekarun baya da ba a cika buɗewa ba su zo a ƙarshe, tare da saka adireshin da mutum zai nemi a gyara masa wanda yake buƙata. Bidiyo ma haka: sababbi kada su fita sai da rubutun magana don kurame, tsofaffi a bi su gwargwadon yawan masu kallo.

Game da ƙananan manhajojin da ake tallatawa cewa layi ɗaya zai gyara komai, shawarata a ajiye kuɗin. Ba sa iya sanin abin da hoto ke nufi a muhallinsa, kuma wani lokaci karo suke yi da manhajar da makaho ya riga ya saba da ita. Gara a biya mutum biyu ko uku masu amfani da manhajojin karanta allo kullum, su bi ayyukan nan da aka rubuta tun farko, a zauna kusa a ga inda suke tsayawa.