Tafiyarmu zuwa gadar Selma

Kuskurena na farko shi ne zari. Na shirya wa ɗalibaina tafiyar kwana uku daga Atlanta zuwa jihar Alabama a Amurka, don su ga wuraren tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, na cusa wurare tara a ciki, wai don kada kuɗin iyaye ya tafi a banza. A Birmingham asirina ya tonu. Muna tsaye gaban cocin da aka dasa wa bam ranar 15 ga Satumba 1963, inda 'yan mata huɗu suka rasu, ni kuwa sai duba agogo nake ina cewa a hanzarta. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, uku daga cikinsu fa shekararsu 14, sa'o'ina ne." Kunya ta rufe ni. A daren nan na soke wurare huɗu.

Montgomery ba mu daɗe ba. Labarin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a mota, da ƙaurace wa motocin safa na kwana 381 sun haddace shi tun a aji.

Selma ce ta riƙe mu. Na karɓe wayoyinsu (an sha gunaguni), na jera su biyu-biyu don mu haye gadar garin, kamar yadda mutum kusan 600 suka jeru ranar 7 ga Maris 1965 suna neman a bar baƙar fata su yi rajistar zaɓe. Gadar Edmund Pettus tana da tudu a tsakiya, abin da hoto ba ya nunawa sosai. Kana hawa ba ka ganin ƙetare sai ka kai ƙololuwa. Daga nan ne John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, da mutanensa suka hango 'yan sanda da kulake da masu dawakai suna jiransu, kogi kuma a ƙarƙashinsu. Suka ci gaba da tafiya. Da muka kai wurin, yaron da ya fi kowa surutu a ajina ya tsaya cak, ya leƙa ruwa, bai ce uffan ba.

Na so in yi musu bayanin dokar 'yancin zaɓe da aka sa wa hannu a watan Agusta na shekarar, sai na haƙura. A mota suka tsare ni da tambaya: me ya sa har yau gadar take ɗauke da sunan Pettus, jagora a Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ƙin jinin baƙar fata? Muka yi ta gardama, wasu na cewa a canza, wasu a bari ya zama shaida, har muka shiga Atlanta ba su daidaita ba.