Ranar da na datse karan bilakberi

Asabar

Tun da sassafe, kafin raɓa ta bushe a kan ganye, na ɗauki almakashin datse reshe da safar hannu mai kauri na nufi layin bilakberi, shukar nan mai ƙaya da ƙananan baƙaƙen 'ya'ya da ake ci, da ke ƙarshen lambu, domin yau ce ranar aikin da na daɗe ina ɗagawa. 'Ya'yan sun kusa ƙarewa, saura 'yan tsiraru a can ƙarshen rassa, kuma shukar ta cunkushe har ta zama sarƙaƙiya, tsohon kara da sabo sun sarƙe da juna ta yadda hannu ba ya shiga ya fito lafiya. Bara war haka na yi kuskuren da ya rage mini amfanin bana ƙwarai, shi ya sa na ƙudurta cewa ba zan sa almakashi a jikin kowane kara ba sai na tabbatar da shekarunsa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, saiwar wannan shuka tana yin shekaru da yawa a ƙasa, amma kowane kara da ta fitar shekara biyu kacal yake rayuwa. A shekarar farko tsawo da ganye kawai yake yi, ba fure ba 'ya'ya. Sai a ta biyu yake fitar da ƙananan rassa a gefe, ya yi fure, ya yi 'ya'ya, daga nan kuma ya mutu. Ni kuwa da na ga dogayen karare shar da su ba ko ɗa ɗaya a jikinsu, sai na ɗauka cima-zaune ne masu shanye ƙarfin shuka, na bi su na sare mafi yawansu, na bar waɗanda suka ba ni 'ya'ya da zaton za su ƙara. Ba su ƙara ba, bushewa suka yi a kan wayar da nake ɗaure su, kuma har yau abin yana yi mini ciwo idan na tuna cewa da hannuna na zubar da amfanin shekara guda.

Yau na bi aikin a hankali. Tsohon kara ɓawonsa ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, ya fara tsattsagewa, kuma a ƙarshen kowane ƙaramin reshensa akwai busassun sandunan da 'ya'ya suka rataya a kai. Sabon kuwa kore ne, wani lokaci da ɗan ja-ja a gefen da rana take bugu, jikinsa sumul in ban da ƙaya, kuma galibi ganyensa yatsu biyar ne, alhali na reshen da ya yi 'ya'ya yawanci uku ne. Duk da waɗannan alamu ban yarda da ido kaɗai ba, domin a cikin cunkoson nan mutum zai iya kallon wani kara a sama ya yanke wani a ƙasa. Sai na riƙa kama reshen da na tabbatar ya yi 'ya'ya, in bi shi da hannu gaɓa bayan gaɓa har gindinsa, sannan in datse shi daidai da ƙasa, ba tare da barin kututture ba, tunda kututturen da aka bari yakan zama maɓoyar cuta da ƙwari. Dogayen sai da na yanka su gunduwa-gunduwa kafin in zaro su, don kada ƙayarsu ta kekketa fatar sababbin. A kowane gindi na bar kara biyar ko shida mafi ƙarfi, na cire raunana, na shimfiɗa sauran a kan waya na ɗaure su sako-sako da igiya mai laushi, yadda iska da hasken rana za su ratsa.

Wannan ƙa'ida ba ta hau kowane iri ba. A shekarar 2004 Jami'ar Arkansas ta Amurka ta fitar da Prime-Jim da Prime-Jan, irin bilakberi masu yin 'ya'ya a kan karan shekarar farko, kuma a cikin rasberi, ɗan'uwan bilakberi, ma an daɗe da samun masu wannan hali. Mai irin waɗannan zai iya sare komai har ƙasa bayan girbi ya sake samun amfani a shekara mai zuwa. Nawa ba haka suke ba, kuma da na nemi sanin irin da na dasa tun farko, da ban yi asarar bara ba.

Da hantsi ya ɗaga na ajiye almakashi na tsinke ragowar 'ya'yan a cikin ƙaramin kwano. A nan ma shukar tana ruɗar baƙo. Idan ɗan ya yi ja, ɗanye ne. Idan ya yi baƙi yana sheƙi, da sauran tsami. Sai ƙyallin ya ɗan dusashe, ya yi taushi, ya biyo yatsa ba tare da an ja shi ba, sannan zaƙinsa ya kai. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, saboda haka wanda ya yi gaggawa tsami zai sha. Na tsinko rasberi guda biyu daga ɗaya layin na ajiye su kusa da bilakberi a tafin hannuna, don ina son ganin bambancin nan da idona. Kowannensu tarin ƙananan 'ya'ya ne da suka manne wuri ɗaya, kowane da ƙwayar irinsa a ciki, duka daga fure guda. Amma rasberi idan an cire shi yana barin 'yar farar totuwarsa a jikin reshe, ya fito da rami a tsakiya kamar ƙaramar hula, shi kuwa bilakberi da totuwarsa yake fitowa, a cinye su tare. Launi ba ya raba su, domin akwai baƙin rasberi, shi ma da raminsa.

Uku daga cikin waɗanda na tsinka sun yi laushi fiye da kima, da na buɗe ɗaya sai na ga 'yar farar tsutsa tana motsi a ciki. Ina kyautata zaton aikin ƙaramin ƙudan nan ne da masana ke kira Drosophila suzukii, wanda asalinsa gabashin Asiya ne, aka kuma fara ganinsa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2008. Sauran ƙudajen 'ya'yan itace ruɓaɓɓe suke bi, amma macen wannan tana da abin huda mai haƙora kamar zarto, da shi take fasa lafiyayyen ɗa tun yana nuna ta saka ƙwai. Na tsince duk wanda ya faɗi ƙasa na ƙulle a leda, tunda barin su a gindin shuka kiwon ƙudan ne.

Ina zaune a inuwa da azahar na riƙa duban yadda 'yan gida ɗaya suka cika lambun. Bilakberi da rasberi jinsinsu ɗaya, wato Rubus, kuma danginsu ɗaya da furen wardi da tuffa da sitiroberi. Duk wanda ya lura da furensu mai kunnuwa biyar da tarin zare a tsakiya zai ga kamar. Malberi kuwa, wanda 'ya'yansa suka fi kama da bilakberi a ido, bare ne a cikinsu, itace ne daga dangin ɓaure. Kusancin bilakberi da rasberi ya sa suna barbarar juna. A 1881 wani alƙali mai suna James Harvey Logan ya samu loganberi a lambunsa da ke Santa Kuruz ta Kalifoniya ba da niyya ba, kuma a 1979 aka fitar da teberi a Sikotilan, aka sa masa sunan kogin Tay. Ina da gindin teberi ɗaya a kusurwa, shi ma na datse shi bisa ƙa'idar nan ta kara mai shekara biyu.

Da la'asar maƙwabcina, wani dattijo, ya leƙo ta kan danga ya ce, "Sannu da aiki. Zo ka ga baƙon da shukarka ta aiko mini." Na ce, "Yawwa Baba, Allah ya sa ba ɓarna ta yi ba." Da na zagaya sai na tarar wani dogon sabon kara ya haura danga, ya lanƙwasa, kansa ya taɓa ƙasa a tsakiyar kunyarsa ta kayan lambu. Na ɗan ja shi, ya ƙi tasowa. Da na tona da yatsa sai ga fararen jijiyoyi cunkus, tsawonsu ya kai ɗan yatsa, da wani ɗan toho a sama yana shirin fitowa. Haka bilakberi yake tafiya: duk inda kan kara ya kwanta a ƙasa mai danshi sai ya yi saiwa ya zama sabon gindi, daga nan wani karan ya sake tsallakawa gaba.

Na ba shi haƙuri, kuma raina bai ɗauki abin da wasa ba. A 1885 wani masanin shuke-shuke mai suna Luther Burbank ya yaɗa wani iri a Amurka da sunan bilakberin Himalaya, ko da yake asalinsa yankin Armeniya ne, don ya ga yana da yawan 'ya'ya da ƙarfin girma. Yau wannan iri ya mamaye bakin koguna da gefen hanyoyi da filaye a arewa maso yammacin ƙasar, yana danne tsirran asali. A Ostareliya ma bilakberi yana cikin jerin ciyayin da hukuma ta ayyana a matsayin annoba ga ƙasa baki ɗaya. Tsuntsaye suna cin 'ya'yan su kai irin nesa, kara kuma yana rarrafe a kusa. A ganina duk wanda ya dasa wannan shuka ya ɗauki nauyin tsare ta a inda ya ajiye ta, kuma ni na yi sakaci da wannan nauyi na makonni.

Na yanke karan kamar taƙi ɗaya daga inda ya kama ƙasa, na haƙo sabon gindin da ƙasarsa. Ina shirin jefa shi cikin tarin da zan zubar sai dattijon ya ce, "Kada ka yar, sa mini shi a tukunya, jikokina suna son 'ya'yan." Na samo babbar tukunyar shuka mai huji a ƙasa, na cika ta da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, na dasa masa, na kuma bayyana masa cewa karan da zai fito a shekara mai zuwa ba zai yi 'ya'ya ba sai a wadda ke bi mata, don kada ya sare shi kamar yadda na yi. Ya sa na maimaita masa alamun tsoho da sabo har sau biyu.

Kafin magariba na bi layin daga farko har ƙarshe ina ɗaga duk kan karan da ya kusa ƙasa ina ɗaure shi a waya, na samu wasu biyu da suka fara fitar da jijiya a ɓangarena. Na zuba ruwa a gindi, na lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa don saiwar ba ta da zurfi kuma ba ta son ƙasa ta bushe. Yanzu da nake rubutu damatsana duk zanen ƙaya ne, sai zogi suke yi. Tarin tsofaffin kararen yana nan a bakin lambu, gobe da safe zan fitar da shi nesa da shukar, sannan in koma kan layin rasberi.