Ajiye wayar nan kafin ka miƙa

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na ga wani yaro daga zumuntar matasa yana jera gwauraye a bakin ƙofar majami'a. Kowace ta rungume ƙunshin kayan da aka ba ta, shi kuma yana ja da baya da waya a hannu yana cewa, "Mama, ɗan ɗaga kanki." Wata tsohuwa ta ɗaga ƙunshin ya rufe mata fuska, sai ya je ya sauke mata hannu. Yaron ba mugu ba ne, kuɗin ma shi ya bi mutane ya tara. Amma hanyar da ya kama ni na bi ta shekara da shekaru, na kuma san inda take kaiwa.

A zamaninmu babu waya mai hoto, sanarwa muke da ita. Lokacin da asusun taimakon mabukata yake hannuna, sai a karanta sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar a gaban jama'a, sa'an nan a kira masu karɓa ɗaya bayan ɗaya su fito gaba, ni ne mai miƙawa. Ina da hujjata, har yau ma ban ce duk banza ce ba. In an karanta sunaye kuɗi yana ƙaruwa. Manzo Bulus da kansa ya ba Korantiyawa labarin bayarwar ikilisiyoyin Makidoniya don ya zuga su, yana nan a 2 Korantiyawa sura 8. Yesu kuma ya ce a Matiyu 5:16 haskenmu ya haskaka a gaban mutane. Da waɗannan nake rufe bakin duk wanda ya yi mini magana. Sai dai ƙarshen ayar cewa take yi domin su ɗaukaka Ubanmu da ke Sama, ni kuwa sunana ne yake bakin mutane. Bulus ma bai jera matalautan Urushalima, waɗanda ake tara wa gudummawar, a gaban kowa ba.

Ɓarnar ba a rana ɗaya take fitowa ba. Masu tsananin bukata su ne suke fara janyewa: magidancin da aikinsa ya tsaya bai gaya wa kowa ba, matar da jinyar miji ta cinye abin hannunta amma har yanzu ana ganinta da rufin asiri. Irin waɗannan gara su kwana da yunwa da a kira sunansu. Daga nan masu ƙaramin ƙarfi su daina bayarwa, don ba mai son a karanta ɗan abinsa bayan na mai hali. Gwauruwar nan ta Markus 12 da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a baitulmali, wadda Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa, da a tsarina ne da kunya ta hana ta fitowa. Masu hali kuma suka shiga alkawarin abin da ba za su cika ba. Ba banza ba labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5, waɗanda suka sayar da fili suka ɓoye wani kashi na kuɗin suka nuna kamar duka suka kawo, ya biyo bayan na Barnaba wanda ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin. Bitrus ya gaya wa Hananiya filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa. Suna irin na Barnaba ya so ba tare da biyan farashinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wanda na taimaka a bainar jama'a ya koma kamar wanda nake bi bashi. Ba ya iya musa mini magana a taro, yana gaishe ni da rawar jiki. Ni kuma na fara lissafin wa ya zo godiya, wa bai zo ba, wanda bai zo ba sai sunansa ya yi mini nauyin rubutawa a rabo na gaba. Na gaya wa kaina tarbiyya nake koya musu. Ba tarbiyya ba ce. A Matiyu 6:2 Yesu ya ce masu busa ƙaho sa'ad da suke ba da sadaka sun riga sun sami ladarsu. Kalmar da ke wurin a Helenanci ita ce wadda ake rubutawa a rasit in an biya mutum cif, ba saura.

Naku ya fi namu muni, 'ya'yana, ku yi haƙuri. Sanarwa a ƙofar majami'a take ƙarewa, hoto kuwa yana nan a Facebook har jikan tsohuwar ya girma ya gani. Kuma kada wani ya ce mini ai sun ba da izini. Mai jin yunwa da kayan abinci a hannunsa zai ce maka a'a? Komai sai kun ɗauka, komai sai kun ɗora, ko addu'a ba ku iya yi sai da kyamara a gefe!

Shawarwari da yawa na shirya, amma kaɗan ne za su amfane ku. In kuɗin aljihunka ne, ka ware shi tun kafin bukata ta taso, kamar yadda 1 Korantiyawa 16:2 ta ce a riƙa ajiyewa ranar farko ta kowane mako gwargwadon samu. Ka tambayi abin da mutum yake bukata kafin ka sayo. In kuɗin makaranta ne ka biya a makarantar, in magani ne ka biya inda ake sayarwa, ko ka ba mutum ɗaya amintacce ya kai ba suna. Dubi Bo'aza a Rut 2:15-16: ya ce wa masu girbinsa su riƙa zaro zangarniya daga dami suna bar wa Rut ta kalata, kada kuma su tsawata mata. Ta koma gida da abin da ta tsinta da hannunta, kanta a ɗage. Bayan ka bayar ka yi shiru. Kada ka mai da shi shaida a sujada, kada ka ɓoye shi cikin roƙon addu'a. Na ce kada kowa ya sani, amma in kana da aure kuma kuɗin na gida ne, matarka ko mijinki dole ya sani, in ba haka ba ka gyara gidan wani ka ɓata naka.

In kuɗin jama'a ne aka ba ka amana, maganar ta juya, ɓoyewa nan laifi ne. Bulus bai yarda ya riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Mutum biyu su ƙirga, su biyun su sa hannu. A gaya wa jama'a nawa ya shigo, nawa ya fita, gida nawa aka kai wa, nawa ya rage. Sunayen masu karɓa su zauna a littafi ɗaya da dattawa biyu ko uku kaɗai ke gani. Masu ba da gudummawa suna son hoto? A ɗauki kayan kafin rabo, a ɗauki rasit. Rabon kuma a kai gida-gida, ba a jera mutane ba.

Wani zai fake da wannan ya daina bayarwa gaba ɗaya, ya ce yana gudun ganin ido. Gara yaron nan da wayarsa da irin wannan, don ko ba komai tsohuwar ta ci abinci ran nan, Yakubu 2:15-16 kuma, wadda ta ce fatan alheri ga mai yunwa ba tare da ba shi abinci ba banza ne, ba ta bar mana mafita ba. Duk da haka ba na janye maganata. Ɗana, hoton nan ka goge shi, ka cire shi daga zauren da ka tura, ka roƙi waɗanda suka sauke su ma su goge. Sa'an nan ka je gidan tsohuwar da ka sauke wa hannu, kai kaɗai, ka bar wayar a aljihu, ka durƙusa ka ce, "Mama, ki yafe mini."